Ranar da Na Ara wa Yaya Fuskata

Kwanan baya autata, wadda ke karatu a jami'a a can Yelwa, ta zo gida hutun ƙarshen mako ta tarar da ni ina kakkaɓe akwatin da mahaifiyata, Inna, ta rasu ta bari. A can ƙasan akwatin, naɗe cikin wani tsohon ɗankwali, akwai hoton yayana sanye da kayan soja, hoton da ruwa ya cinye wa fuska tun daga karan hanci har zuwa goshi. Yarinyar ba ta tambaye ni komai ba. Ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoton, ta yi 'yan danne-danne, kafin shayina ya huce ta miƙo mini tana murmushi, ta ce, "Abba, ga Baffa ya dawo." Na karɓa na duba. Saurayi ne kyakkyawa, fatarsa sumul, idanunsa na sheƙi, girarsa a daidaice kamar an zana. Ban taɓa ganin mutumin nan ba a rayuwata. Na sa mata albarka, domin da zuciya ɗaya ta yi, amma ranar ban iya ci gaba da aikin akwatin ba. Na zauna a ƙarƙashin darbejiya ina tuna lokacin da gyaran hoto ba aikin yatsa ba ne, lokacin da gyaran wannan hoton da kansa ya kusa raba ni da gida.

A unguwar Ɗan Iya ta cikin Bauchi muka tashi, a zamanin da ɗaukar hoto wani sha'ani ne da ake yi wa shiri. Mutum yakan yi wanka, ya shafa mai, ya ari takalmin maƙwabci idan nasa ya ƙare, ya je ya tsaya a gaban labulen da aka zana wa jirgin sama ko gidan bene, ya riƙe numfashi har sai mai hoto ya ce ya saki. Gida guda bai fi ya mallaki hotuna 'yan kaɗan ba, kuma kowanne yana da mazauninsa a bango, ana goge gilashinsa duk ranar Juma'a. Yanzu jikokina suna ɗaukar fuskokinsu safe da yamma, su goge wadda ba ta yi musu ba ba tare da sun ji komai ba. Mu kuwa idan hoto ya lalace, wani sashe na mutumin ne ya tafi, domin babu na biyu.

Ba zan iya bayyana wa yaran yanzu yadda kaki yake a idonmu ba. Da asuba, bayan ladan ya yi shiru, idan iska ta juyo daga wajen bariki mukan jiyo busar begila, siririya, kamar tana kiran sunan mutum. Idan aka yi fareti mukan bi bayan sojoji har ƙafafunmu su yi futu-futu, muna ƙoƙarin daidaita takunmu da nasu. Da Yaya ya shiga soja kuwa, sai na zama ƙanen soja, wanda a unguwarmu ya fi zama ɗan mai kuɗi daraja. Duk sa'ad da ya zo hutu, ni ne mai hura gawayin dutsen guga, ni ne mai dama sitaci, ni ne mai goge manyan takalmansa har sai na ga haƙorana a jikinsu. Yakan tsaya a kaina ya ce, "Malam ƙarami, karin hannun nan bai fito ba. Soja da lanƙwasasshen kari ai farar hula ne." Ƙamshin zafin guga a kan sitaci, da ƙarar rigar idan ya zura hannu tana buɗewa kamar takarda, har yau suna nan a hancina da kunnena. Mahaifinmu ba ya son wannan ɗoki nawa. Yakan ce da ni, rigar da nake shinshina ba ta Yaya ba ce, Yaya ne nata.

Inna kuwa ba ta taɓa cewa komai a kan kakin ba, domin ba ta taɓa cewa komai a kan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma matan zamaninta suna yi wa ɗan fari kunya irin wadda yanzu ta kusa ɓacewa. Ba ta kiran sunansa. Ba ta kallon fuskarsa kai tsaye. Idan tana son a ba shi abinci sai ta ce, "A kai wa wancan." Idan wani yaro a unguwa ya ci sunansa, sai ta laƙa masa wani suna dabam ta riƙa kiransa da shi. Ranar da zai iso gida takan tashi tun da sassafe ta soya masar da ya fi so, ta yi miyar taushe, amma da zarar an ji sallamarsa sai ta shige ɗaki ta kama tsintar wake. Baƙo zai ɗauka ba ta damu da shi ba. Mu da ke cikin gidan mun san wane ne ake ajiye wa tsokar nama mafi kyau. A duk tsawon ƙuruciyata ban taɓa jin sunan yayana ya fito daga bakin mahaifiyarsa ba, kuma ban taɓa ganin hakan wani abin mamaki ba ne.

Sai aka tura su Yaya yaƙi wata ƙasa mai nisa a bakin teku. Bayan wani lokaci mutum biyu masu kaki suka yi sallama a zaurenmu, suka cire huluna. Ba a kawo gawa ba. Jaka aka kawo, da bargo a ciki, da riga ɗaya mai igiya biyu a hannu, da sunansa ɗinke a ƙirji. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, domin kunyar ba ta ƙarewa da mutuwa. Ta wanke rigar da kanta, ta ninke, ta sa a akwati. Mahaifinmu bai daɗe ba ya bi bayansa. Abin da ya rage mana na Yaya shi ne hoto ɗaya a bangon ɗakin Inna, sama da gadonta, inda ba sai ta ɗaga kai a gaban kowa ba. A wata damina mai ƙarfi rufin ya yi yoyo daidai wurin, ruwa ya bi bayan gilashin, kafin a farga takardar ta manne, fuskar ta narke. Baki da haɓa suka tsira, da rigar, da hannuwansa da ya ɗora a gwiwa.

A lokacin na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, ina zaune a gida babu aiki. Saurayi ne ni mai ɗaure fuska, mai son a faɗi kowace magana daidai, abokaina har tsokanata suke yi cewa ina gaisuwa kamar mai karanta labarai a rediyo. Akwai kuma niyyar da na ƙulla a raina ban faɗa wa Inna ba: na ji ana ɗaukar masu digiri a matsayin hafsoshi, kuma na yanke shawarar zan nema. Mutuwar Yaya ba ta kashe mini son kaki ba. Ta ma ƙara masa wani nauyi, kamar akwai aikin da ya bari sai ni zan ƙarasa.

Wata safiya Inna tana tankaɗe, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Abin nan na bango. An ce akwai mai gyarawa." Ba ta faɗi ko hoton wane ne ba. Na ce to.

Mai gyarawar wani dattijo ne mutumin kudu, wanda ya daɗe a Bauchi har 'ya'yansa ba su san wani gari ba. Kowa Baba Mai Hoto yake ce masa. Shagonsa ɗaki ne da rumfa a bakin titi, yana warin ruwan wankin hoto, mai ɗan tsami, mai shiga maƙogwaro. A kan teburinsa akwai fensira masu tsini kamar allura, da burushi siriri, da reza, da gilashin ƙara girman abu. Na ga yadda yake cike tabon gara a hoton fuskar wata tsohuwa, ɗigo bayan ɗigo, yana riƙe numfashi. Ya daɗe yana duban hoton Yaya, sannan ya girgiza kai.

"Ɗana, abin da ruwa ya ci ba ya amayarwa. Ni ba na ƙirƙirar ido daga kaina. Yana da ƙane mai kama da shi?"

Na ce ni ne, kuma mutane na cewa goshinmu da idonmu ɗaya.

Ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske, ya ce, "To, za mu yi aro." Ya bayyana mini yadda masu sana'arsu ke yi: a zaunar da ɗan'uwan mamaci irin zaman da ke cikin hoton, a ɗauke shi, a yanko goshi da idanu a ɗora a inda ya lalace, a bi gefen da fensir har mahaɗin ya ɓace, sannan a sake ɗaukar duka a wanke sabo. Amma ya ce dole in sa riga irin ta cikin hoton, domin inuwar da kwala ke jefawa a wuya da kumatu ita ce ke sa aro ya zauna. Ya tambaya ko rigar tana nan.

Na koma gida na gaya wa Inna. Daga baya ta ce rigar ba za ta fita gidan ita kaɗai ba. Ta yafa mayafi, ta rungume ƙunshin a ƙirji, muka tafi tare. Da muka isa ta ƙi shiga shagon. Ta zauna a benci ƙarƙashin rumfa, ta ba ƙofa baya.

Ya kamata in faɗi irin zamanin da ake ciki. Mulkin soja ne, kuma gari a tsorace yake. An yi ta samun 'yan fashi masu tare hanya cikin kayan soja, har aka yi ta shela a rediyo cewa duk farar hular da aka kama da kaki zai ɗanɗana kuɗarsa. Ko wando mai ruwan ganye mutum ya sa, yakan sha dorina a bakin shingen bincike. Wanda aka jefa a mota aka kai gadurum, wato ɗakin tsare mutane na bariki, iyalansa ba su san ranar fitowarsa ba, ba su kuma san a wane hali zai fito ba. Duk mun san wannan. Amma ni da Baba mun ɗauka cewa cikin shago, bayan labule, babu mai ganinmu.

Sai aka ɗauke wuta. Baba ya yi tsaki, ya yaye labulen ƙofa, ya jawo kujerar zuwa bakin ƙofar domin ya sami hasken rana. Ni kuwa na riga na zura rigar. Ta yi mini daidai kamar da ni aka auna. Ƙamshin akwatin Inna ne a jikinta, amma duk da wankin da ta sha, shatin karin hannun da na taɓa fitarwa da kaina yana nan bai mutu ba. Na ji kafaɗuna sun miƙe ba da umarnina ba. Na zauna, na ɗora hannuwa a gwiwa, Baba ya ce in ɗaga haɓa, ya danna. Ban ji tsayawar motar ba. Takun takalma na ji, irin takun da na yi ƙuruciya ina kwaikwayo, sai kuma inuwa ta rufe hasken.

Saje ne, mai igiya uku, gajere kakkaura, da dorina a hannu. Bayansa wani matashin soja riƙe da bindiga. Hotunansu suka zo karɓa wurin Baba.

"Kofur," in ji sajen, da murya mai sanyi. "Ka ga babba ba ka tashi ba? Wace bataliya?"

Na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba soja ba ne. Ina neman izinin in yi bayani dalla-dalla."

"Dalla-dalla!" Ya juya ga yaronsa. "Ka ji Hausa? Ɓarayin yanzu har da 'yan boko. To, Malam dalla-dalla, cire."

Baba ya shiga tsakani yana haɗa hannuwa. "Oga, laifina ne. Gyaran hoto ne, wallahi. Ga shi nan ka duba." Ya miƙa masa lalataccen hoton. Sajen ya ɗan kalla ya ce hoton da ba shi da fuska ai na kowa ne, kuma shi ma Baba ya shirya, tun da a shagonsa ne ake yi wa sojan gona hoton shaida. Na cire rigar da sauri, maɓalli ɗaya ya tsinke ya gangara ƙasa. Sajen ya fizge ta. Matashin ya kama ni ta ƙugun wando ya ja ni waje. Titi ya yi tsit. Mai shayin da ke gefe ya daina firfita wuta, masu shaguna suka ja da baya cikin inuwa, kowa yana kallo, babu mai motsi. Ƙyauren bayan motar a buɗe yake, kuma tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba.

A nan ne Inna ta tashi daga bencin. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta tsaya tsakanina da motar, ta ce, "Ɗan nan, rigar tawa ce. Ni na kawo ta."

"Mama, ke soja ce?"

"Ta yayansa ce. Ku kuka kawo mini ita a jaka."

Sajen ya dube ta sama da ƙasa. Sai ya dunƙule rigar, ya danne wurin sunan da babban yatsansa, ya ce, "Shi ke nan, abu mai sauƙi. In ɗanki ne, faɗi sunansa. In ya yi daidai da abin da ke nan, ki tafi da yaronki. In bai yi ba, daga kasuwar gwanjo ko daga jikin wani soja kuka samo ta, kuma wannan ya bi mu."

Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji dorina a gadon bayana kamar an ɗora garwashi. "Kai na tambaya?"

Inna ta sunkuyar da kai. Na ga leɓenta na motsi, amma babu sauti. Ta ce, "Babbansu ne." Ta sake cewa, "Wancan ne, na farin."

"Wancan! Uwar da ba ta san sunan ɗanta ba? Sa shi a mota."

Matashin sojan, wanda daga lafazinsa ɗan ƙasarmu ne, ya ɗan sassauta riƙon da ya yi mini, ya ce ƙasa-ƙasa, "Oga, ɗan fari ne. Iyayenmu mata ba sa faɗa."

"Wannan a gidanku. A bariki kowa sunansa a ƙirjinsa yake. Mama, ina da wurin zuwa."

Aka tura ni har gwiwata ta bugi ƙarfen motar. Ina jin numfashin Baba a bayana yana kiran sunan Allah da harshensu. Ni kuwa a wannan lokacin, Allah shaida, ban sa ran za ta faɗa ba, ban ma ga laifinta ba. Abin da ta riƙe tun ranar da ta haife shi, wanda ba ta saki ba ranar suna, ba ta saki ba ranar da aka kawo jaka, ta yaya za ta sake shi a bakin titi, a gaban mai shayi da baƙin maza?

Sai ta ɗaga kai ta faɗa. Ba kamar mai ba da amsa ta faɗa ba. Kira ta yi, da ƙarfi, ta ja ƙarshen sunan kamar yadda uwa ke kiran yaron da ya yi nisa da wasa magariba ta gabato. Muryar ta bi titin har ƙarshensa. Wasu ma sun waiwaya, kamar za su ga mai amsawa. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Ita ta biya kuɗinsa, ba ni ba.

Sajen ya ɗaga yatsansa ya karanta. Ya daɗe yana kallon zaren. Sannan ya saƙale dorinar a hammata, ya shimfiɗa rigar a kan motar, ya ninke ta irin ninkin bariki, hannu a baya, igiyoyin a sama, ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ya ce, "Mama, mayar akwati. Kada ta sake ganin titi. Allah ya ji ƙansa." Ya juyo gare ni, muryarsa ta koma yadda take. "Kai kuma, na ga yadda ka zauna a cikinta. Kana so. In kana so, ƙofar bariki a buɗe take, ka zo ka karɓi taka." Suka hau mota suka tafi, har suka manta hotunan da suka zo karɓa. Inna ta durƙusa ta lalubi maɓallin da ya faɗi, ta ƙulle shi a gefen zaninta. Har muka isa gida ban yi ƙarfin halin tafiya kusa da ita ba.

Baba ya riga ya danna kafin su iso, don haka aikin bai tsaya ba. Bayan 'yan makonni ya aiko a zo a karɓa. Aiki ne na gwani. Ko da gilashin ƙara girma ba za ka ga inda goshina ya ƙare, kumatun Yaya suka fara ba. Na kai wa Inna a sabon firam, tare da tsohon da ya dawo mana da shi. Ta goge hannunta, ta karɓa, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. Wannan ne karo na farko da na ga ta kalli fuskar da ake cewa ta Yaya ce ido da ido, ta kuma daɗe.

Ta ce, "Bakin nasa ne. Idanun naka ne."

Na ce, "Haka ake gyaran, Inna."

"Na sani. Ba zan rataye ka a bango cikin wannan rigar ba." Ta miƙo mini shi, ta ɗauki tsohon ta naɗe a ɗankwali. Tana ƙulla bakin ɗankwalin, ba ta dube ni ba, ta ce, "Na ji abin da mutumin nan ya gaya maka, na kuma ga fuskarka. Sau ɗaya na kira sunan nan a duniya, bai amsa ba. Naka kullum nake kira. Ina so in riƙa jin amsa."

Ban nemi aikin hafsa ba. Na zama malamin makaranta, na koyar har na yi ritaya. Hoton da aka gyara na mayar wa Baba, ban san inda ya ƙare ba bayan an rushe rumfar aka gina shagon sayar da wayoyi a wurin. Na waya kuwa na ce wa autata ta ajiye idan tana so, amma kada ta ce wa 'ya'yanta baffanta ne. Tsohon na mayar ƙasan akwati, kusa da rigar, wadda maɓallinta ɗaya ɗinke yake da zare mai launi dabam.

Har yanzu wani lokaci da asuba, idan iska ta juyo, ana jin begila, ko da yake ƙarar janareto da keke sun kusa binne ta. Ba ta ƙara kirana ba. Inna ce ta ci gaba da kira, kowace safiya daga ƙofar ɗakinta, ko da ba ta da abin da za ta aike ni, har safiyar da muryar ta ƙare. Kuma kowace safiya ina nan, nakan ce, "Na'am, Inna."